Awon daidaiton nono bayan tiyatar gyara: tef, hoto ko na'urar 3D?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata a kan matan da aka cire wa nono saboda sankarar mama ce, aka sake gina musu wani, ko da robar silikon ko da naman jikinsu. Abin da ake rubutawa a fayil bai wuce "ya yi kyau" ko "ba laifi" ba. Likita biyu za su duba mace ɗaya, wannan ya ce aiki ya yi, wancan ya ce da saura. Yaya ake auna daidaiton ɓangarorin biyu da lamba, yadda duk wanda ya auna zai samu abu guda? Ko sai an mallaki na'urar 3D?

Hajiya Dakta:
Wa alaikumus salam. "Ya yi kyau" ɗin nan da ka raina ma ma'auni ne mai suna. Shi ne na Harvard da Harris da abokan aikinsa suka fitar a 1979, mai hawa huɗu: madalla, mai kyau, dama-dama, bai yi ba. Aibinsa shi ne wanda ka faɗa, ido ne ke yanke hukunci.

Amma kafin a je ga na'ura, daidaito ba abu ɗaya ba ne. Akwai cika, akwai siffa, akwai mazaunin nonon a ƙirji, akwai inda kan nono ya zauna, akwai tsayin ninkin ƙasa, wato layin da nono ya haɗu da ƙirji, sannan launin fata da tabo. Nonuwa biyu za su iya zama mililita 400 kowanne, ɗaya a tsaye kamar an kife ƙwarya, ɗayan ya zube. Ma'aunin cika zai ce sun yi daidai, madubi ya ƙaryata shi.

Fara da tef ɗin tela da maka. Mace ta tsaya, hannaye a sake a gefe. Ka ɗiga alama a ramin gindin wuya, ka ja layin tsakiya har cibiya. Sai ka auna kowane ɓangare: daga ramin wuya zuwa kan nono, daga tsakiyar ƙashin wuya zuwa kan nono, daga kan nono zuwa layin tsakiya, daga kan nono zuwa ninkin ƙasa, faɗin gindin nonon, da faɗin baƙin da ya kewaye kan. Ninkin ƙasa kuma a kwaso tsayinsa na kowane ɓangare a ɗiga a layin tsakiya, a ga tazarar alamomin biyu. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi, alhali shi ne ke sa rigar mama ta karkace.

Abu Safwan:
Na gode Hajiya. To santimita 21 ɗin da ake karantarwa fa, daga ramin wuya zuwa kan nono?

Hajiya Dakta:
Daga awon wani likita mai suna Penn na 1955 ta fito, kuma 'yan mata ya zaɓa waɗanda shi yake ganin nasu ya yi kyau. Kada ka ɗora ta a kan matar da ta shayar da 'ya'ya bakwai. A aikin gyara abin kwatancenka shi ne ɗaya nonon nata, ba lambar littafi ba.

Maman Husna:
Dakta bari in ƙara a kan tef ɗin, don a nan kuskure ke shigowa tun kafin a kai ga lissafi. Tef na yadi yana miƙewa in ya tsufa, a riƙa gwada shi da rula ta ƙarfe. Awon kan nono zuwa ninkin ƙasa iri biyu ne: a sake, da kuma in an ɗaga nonon an ja fatar. A nonon da ya zube bambancinsu yana kai santimita da yawa, don haka a rubuta wanne aka yi. Faɗin gindi ba da tef ake auna shi ba, da ma'aunin nan mai baki biyu ake yi, don tef yana bin tudu ya ƙara tsawo. Sanyi ma yana tsuke baƙin kan nono; in ɗaki da iya kwandishan, faɗin da za ka samu ba shi ne na ɗaki mai ɗumi ba.

Kuma kowane awo a yi sau biyu. In bambanci ya wuce rabin santimita a yi na uku.

Injiniya:
Ni inda nake da ja da tef shi ne, ba ya barin shaida. Yau ka auna ka rubuta 22, bayan shekara wani ya samu 23.5, ba wanda zai iya cewa nono ne ya sauka ko hannun mai awo ne ya canja. Hoto kuwa yana nan, ana iya komawa a sake aunawa.

Tsohuwar hanyar lissafi a kan hoto ita ce ta Pezner ta 1985, da ake taƙaita sunanta BRA. Ba rigar mama ba ce, kada wani ya yi dariya. Layi biyu ake ja, na tsakiya a tsaye, da na kwance da ya ratsa ramin wuya. Kowane kan nono yana da lamba biyu: nisansa daga layin tsakiya, da zurfinsa ƙasa da ramin wuya. A ce na dama, mai lafiya, 10 da 19. Na hagu, wanda aka yi wa aiki, 9 da 16. Bambancin gefe 1, na tsayi 3. Ka ninka kowanne da kansa, 1 da 9, ka haɗa 10, sai ka nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 10, wato wajen 3.2. Lissafin Pythagoras ne na sakandare. Santimita 3.2 ɗin nan ita ce gwargwadon yadda kan nonon ya gudu daga inda ya kamata.

Sai dai 3.2 a jikin doguwa mai manyan nonuwa ba ɗaya ba ne da 3.2 a jikin 'yar ƙarama. Shi ya sa aka zo da na kaso: a raba da nisan ramin wuya zuwa kan nono mai lafiya. A misalinmu nisan ya kai 21.5, sai a samu wajen kashi 15 cikin 100.

Hajiya Dakta:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ka tsallake babbar matsala. An ƙirƙiri hanyar nan ne don matan da aka yanke wa ƙullutu kawai aka bar musu nono da kansa. Wadda aka cire wa duka aka sake ginawa, sau da yawa ba ta da kan nono watanni, wata ma ba ta son a yi mata shi sam. Me za ka ɗiga? In kuma an yi mata, likita ne ya zaɓi inda ya dasa shi. Yana iya dasa shi daidai da na ɗaya ɓangaren a kan tudun da ya karkace, lissafinka ya ba da sifili, nonon kuwa a hammata yake.

Injiniya:
Na karɓa, Hajiya. A irin wannan sai a koma ga gefen nonon. Van Limbergen ya kawo awon ƙasan nono tun 1989: layin kwance da ya taɓa mafi ƙasan kowane nono, a auna tazarar layukan biyu. Wannan ba ruwansa da kan nono. Ana kuma zana kewayen nonuwan biyu, a kifa ɗaya a kan ɗaya kamar an naɗe takarda a layin tsakiya, a auna filin da bai hau kan juna ba. Wasu suna ɗaukar wurin da ya fi fitowa gaba a madadin kan nono, amma wurin nan a robar silikon shimfiɗaɗɗe ne, mutum biyu ba za su ɗiga waje ɗaya ba.

Manhajar BCCT.core da Jaime Cardoso da Maria João Cardoso suka haɗa a Porto ta ƙasar Fotugal tana yin irin waɗannan awon da kanta. Hoton gaba guda take buƙata. Ana ɗiga alama a ramin wuya da wata santimita 25 a ƙasa don ta san sikeli, ka nuna mata kan nonuwa, ka gyara mata layin kewaye. Sai ta haɗa rashin daidaito da bambancin launi da fitowar tabo, ta ba ka ɗaya daga hawa huɗun Harvard. Akwai kuma manhajar BAT da Fitzal da mutanensa suka yi a Biyana. Ita ma BCCT.core asalinta don tiyatar barin nono ce, ko da yake an yi ta gwada ta a aikin gyara.

Baban Walida:
Ku tsaya a kan maganar launi, don ta shafi matanmu kai tsaye. Gashin na'ura, wato hasken da ake gasa wurin sankara da shi, yana duhunta fata, kuma a baƙar fata duhun ya fi fitowa ya fi daɗewa. Ga tabo mai tudu da ya fi yawa a jikinmu. Manhaja tana karanta launi ne daga hasken da ya faɗa a hoto. In taga tana dama, nonon hagu zai fi duhu ko ba a gasa shi ba. Fatar da aka shafa wa mai kuma tana ƙyalli, filashi ya bar farin tabo a tudun, manhaja ta ɗauka bambancin launi ne. A ce mace ta zo ba mai a ƙirji, a sa fitila biyu masu ƙarfi ɗaya dama da hagu, a kashe filashin waya.

Abu Safwan:
To ke nan hoton waya zai wadatar?

Injiniya:
Zai yi, in an ɗaure shi da ƙa'ida. Ga inda yake ɓaci.

Nisa. In ka tsaya santimita 50 daga mace, abin da ya fi kusa da kyamara da santimita 3 zai fito ya fi girma da wajen kashi 6 cikin 100. In ka ja baya mita 2, ya koma kashi 1.5. Nonon roba ya fi na halitta fitowa gaba, ka ga ke nan hoton kusa zai ƙara masa girman da ba shi da shi. A ja baya mita biyu, a yi amfani da gilashin zuƙowa na wayar, ba mai faɗin nan ba. A manna tef a ƙasa inda za ta sa ƙafa da inda sandar kyamara za ta tsaya, kada a matsar.

Karkata. Wannan ya fi kowanne cin mutane. Tsakanin kan nonuwa wajen santimita 20 ne. In kafaɗa ta karkata digiri 3 kacal, wanda ido ba ya kamawa, ɗaya kan zai fi ɗaya sama da kusan santimita guda. Wadda aka yi wa aiki a hammata kuwa takan ɗage kafaɗar ɓangaren ba da saninta ba, saboda ɗaurewar tabo ko ciwo. A rataya igiya mai ƙarfe a ƙasa irin ta magina a bango bayanta, don a san tsaye na gaskiya a hoton. In tana da karkataccen ƙashin baya a rubuta, don ba aikin likita ne ya jawo ba.

Kyamara a tsayin ƙirji, ba daga sama ba. Hoto biyar: gaba, gefe biyu, da rabin gefe biyu. Bango launi ɗaya.

Maman Husna:
Batun hannu ma. Wasu suna cewa a riƙe ƙugu. In roba tana ƙarƙashin tsokar ƙirji, da ta danna hannu a ƙugu tsokar za ta tsuke, robar ta yi sama ta yi gefe. In riƙe ƙugun za a yi, a ce ta ɗora hannu kawai ban da dannawa. Motsin nan ma abin aunawa ne a karan kansa, a ɗauki hoto daban tana dannawa.

Numfashi: ta ja, ta saki, a ɗauka a ƙarshen sakin. Kullum haka.

Malam Ƙididdiga:
Ina bin ku. Kafin a shiga 3D, a yi maganar cika, don nan ake yawan ruɗuwa. Kada a faɗi bambanci da mililita zalla. Bambancin 50 tsakanin 200 da 250 kashi 22 ne cikin 100 in an raba da matsakaicinsu, kowa zai gani. Tsakanin 850 da 900 bai kai kashi 6 ba, ko ita mai shi ba lallai ta lura ba.

Hajiya Dakta:
Haka ne. Hanyoyin auna cika kuma kowacce da lam'anta. Tsoma nono a ruwa a auna wanda ya zube, yana aiki ga wanda ya zube ya rataya, amma na roba da ke manne a ƙirji ba ya shiga kwano. Mazubin Grossman da Roudner mai kamar mazurari yana gazawa a manyan nonuwa da masu tauri. MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, ta fi su kusa da gaskiya don tana ganin bangon baya, sai dai a kife ake kwanciya, siffar ba ta tsaye ba ce, ga tsada. Abu mafi arha da ake sakaci da shi: a ɗora naman da aka cire a sikeli a ɗakin tiyata, a rubuta giram nawa ne. In naman ciki, wato fata da kitsen cikin matar, za a dasa, shi ma a auna bayan an datse shi. Giram da mililita a nan sun yi kusa, kitse ya ɗan fi ruwa sauƙi.

Injiniya:
To 3D. Na'urori irin su Vectra XT da 3dMD suna ɗaukar fuskar fata gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido da kyamarori da yawa. Na hannu da na waya sai an zagaya mace, tana numfashi tana motsi, nan kuskure ke ƙaruwa. Abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne siffa. Ana juya ɓangare ɗaya kamar a madubi a ɗora a kan ɗayan, a auna tazarar fatun biyu a dubban wurare, a fitar da taswira mai launi: nan ya yi tudu, nan ya loɓa. Lambar da ake bayarwa RMS ce, a milimita. Dalilin da ba a ɗaukar matsakaici kawai: in sama ya fito da milimita 8, ƙasa ya loɓa da 8, matsakaici sifili ne, alhali wannan ita ce ainihin siffar robar da ta hau sama. RMS tana ninka kowace tazara da kanta tukuna, don haka tudu da rami ba sa cinye juna.

Tarko biyu. Na farko, wajen ɗora ɓangarorin. In ka bar manhaja ta daidaita su da fatar nonon kanta, za ta murɗa ta matsar har sai sun fi dacewa, ta ɓoye maka bambancin mazauni. A daidaita da wuraren da ba a taɓa ba: ramin wuya, ƙasusuwan wuya, ƙarshen ƙashin ƙirji. Na biyu, cika. Kyamara ba ta ganin bayan nono, ƙirƙirar bangon ƙirji take yi daga kewayen da ka zana. Nono mai faɗin gindi santimita 13 filinsa ya kai santimita murabba'i 133. Kuskuren milimita 2 a bangon nan ya zama mililita 27. Ga nonon da ya zube, ninkin ƙasa a ɓoye yake, kyamara ba ta gan shi ba balle ta auna.

Abu Safwan:
Ashe ita ma ba ta tsira ba.

Malam Ƙididdiga:
Ba wadda ta tsira. Shi ya sa kafin ka yarda da kowace hanya, ka auna kuskurenta a hannunku. Mata goma ko ashirin, mutum biyu su auna kowacce, kowa sau biyu, a goge alamomi tsakani, mace ta zauna ta sake tashi. Sai a zana bambancin a jadawalin Bland da Altman, wanda ke nuna tazarar da ke tsakanin awo biyu na mace ɗaya. In ya nuna awonku yana lilo da santimita ɗaya sama ko ƙasa, to canjin milimita 7 bayan wata shida ba labari ba ne. Kada a dogara da cewa awo biyu suna tafiya tare. Tef ɗin da kullum yake ƙara santimita biyu shi ma zai tafi tare da na ƙwarai.

Baban Walida:
Lokacin awo fa? Wanda aka auna a sati shida kumburi ya auna. A bari aƙalla wata uku, an fi natsuwa da shida zuwa shekara. In an yi gashi, shekara guda ce farkon magana, don ƙanƙancewar nama tana ci gaba bayan haka. Kuma kowane irin gyara da yadda yake tafiya. Roba ba ta ƙiba ba ta rama, ba ta zubewa kamar na halitta. Jiki kuma yana yi mata kwanso, wanda in ya tsuke sai ta yi tauri ta dunƙule ta hau sama, abin da ake aunawa da hawa huɗun Baker, kuma gashi yana ƙara haɗarinsa. Naman ciki yana bin nauyin mace, ta yi ƙiba ya yi, ta rame ya rame. Tsokar baya da aka juyo gaba tana shanyewa ta ragu. Kitsen da aka yi allurarsa wani kaso yana narkewa a watannin farko. Don haka duk ranar awo a hau sikeli a rubuta nauyinta, in tana al'ada a rubuta kwana nawa, don mai lafiyar yana cika kafin jini ya zo.

Hajiya Dakta:
Sannan awon kafin aiki. Rohrich ya duba mata 100 da suka zo ƙarin nono, a rahotonsa na 2003, ya samu 88 dama can ba su daidaita ba ta wata fuska. In ba ka da awon farko, ba ka san wanne ka gada wanne ka jawo ba.

Maman Husna:
Ni dai kada lamba ta sa a manta da mai jikin. An sha gani a bincike cewa matan sukan ba aikin maki sama da na likitoci, kuma maki nasu ba ya bin na manhaja sosai. Wata damuwarta ba tsayin kan nono ba ne, a'a, in ta kwanta rigingine na halitta ya kwanta gefe, na roba ya tsaya ƙiƙam. Wata tauri ne, wata rashin jin taɓi, wata kuma in ta sa riga ba a gane ba shi ke nan. Hoton tsaye ba ya kama ko ɗaya. Takardar tambayoyi ta BREAST-Q da Pusic da abokan aikinta suka fitar a 2009 don wannan aka yi ta, maki daga 0 zuwa 100, kuma ita matar ce ke amsawa. Kada likitan da ya yi aikin ya zauna yana karanta mata tambayoyin, kunya za ta sa ta ce komai lafiya lau.

Malam Ƙididdiga:
Kuma kada a haɗa makinta da na awo a fitar da lamba ɗaya. A ajiye su gefe da gefe. Inda suka saɓa nan ne abin dubawa.

Abu Safwan:
Hotunan fa, ina ake ajiye su? Na san wasu matan ko mazansu ba za su yarda ba.

Maman Husna:
Izini a rubuce, daban da na tiyata, kuma a bambanta na ajiya a fayil da na koyarwa. Mace ce za ta ɗauka in da hali, ko a samu mace a ɗakin. Daga haɓa zuwa cibiya, ban da fuska, a cire sarƙa, a kula da lalle ko tsaga da za a iya gane ta da su. Lamba a kan hoto, ba suna ba. Ba a wayar kowa ba, ba a WhatsApp ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Wadda ta ƙi hoto a yi mata tef, a zana alamomin a takardar da aka buga siffar ƙirji, a rubuta lambobin a kai.

Hajiya Dakta:
Abu Safwan, a takardar nan ka bar gurbin sunan mai awo da yadda aka ajiye hannu. Ka ƙara layi ɗaya na hawan zubewa na Regnault a kowane ɓangare, wato kan nono yana daidai ninki, ko ya sauka ƙasa da shi, ko ya kai can ƙasa yana kallon ƙafa. In ka tsara ta ka turo nan a duba kafin a buga.

Abu Safwan:
To Hajiya, in sha Allahu zan turo. Injiniya, alamar santimita 25 ɗin, a kan fata ake bin ta da tef ko a miƙe?

Injiniya:
A miƙe, da rula, a kan layin tsakiya. In ciki ya fito sosai har alamar ta hau tudunsa, ta fi ramin wuya kusa da kyamara, sikelin ya ɗan gurɓace. A nisan mita biyu kaɗan ne, amma ka rubuta a gefe.